Iyalin da Ba Su Tsufa: Zubin Labari a Barkwancin Zane Mai Motsi

Wasan barkwancin iyali na zane mai motsi, wato shirin talabijin da ake zana mutanensa da hannu ko da kwamfuta sannan a ɗora musu muryoyin 'yan wasa, yana ɗauke da wata matsala da marubutansa ke fama da ita kowane mako, wadda mai kallo ba kasafai yake lura da ita ba: dole ne a samo sabon labari a kan mutanen da ba a yarda su canza ba. Shirin da ya fi kowane daɗewa a wannan fage a Amurka shi ne The Simpsons, wanda Matt Groening ya ƙirƙira, ya fara fitowa a matsayin 'yan gajerun zane cikin shirin Tracey Ullman a 1987, sannan ya tsaya da ƙafarsa a tashar Fox ranar 17 ga Disamba 1989, kuma daga ranar zuwa yau an nuna kashi fiye da 750, kowane kashi na kimanin minti 22. A duk tsawon wannan lokaci Bart, ɗan farin gidan, yana nan a shekara goma, ƙanwarsa Lisa tana nan a shekara takwas, autarsu Maggie kuwa har yau ba ta rabu da robar tsotso ba, alhali jaririn da aka haifa a Birnin Ƙonni daren da aka fara shirin yanzu magidanci ne mai 'ya'ya a makaranta.

Abin da ya cancanci nazari a nan shi ne zubi, ma'ana yadda ake ƙulla al'amuran labari daga farko zuwa inda za a warware su, kuma wannan nazari bai yi nisa da mutanen ƙasar da ta haɗa Ƙonni da Malbaza da Illela ta Adar, a jihar Tahoua ta Nijar, kamar yadda za a zata ba. Yankin yana zaune ne tsakanin duniyoyin kallo biyu: ta Faransanci da ke shigowa ta Télé Sahel da akwatin Canal+, da ta Hausar Kano da ke hayewa ta iyakar Illelar Sakkwato, a tashar Arewa24 da kuma katin waya da samari ke turawa juna a fada, wato majalisar shayi. Shirin Amurkan ba shi ne ke tara iyali a tsakar gida bayan isha'i ba, wannan matsayi na shirye-shiryen Hausa masu dogon zango ne, amma dabarar da ya rayu a kanta tsohuwar sananniya ce ga duk wanda aka yi wa gatana yana yaro.

Ƙa'idar farko ita ce kowane kashi ya koma inda ya taso. Ana tayar da hankalin gidan a mintunan farko, a kai rikici ƙololuwa, sannan a mayar da komai mazauninsa kafin lokaci ya cika, ta yadda wanda ya kalli kashi na ɗari huɗu bai rasa komai ba don bai ga na ɗari uku da casa'in da tara ba. Kashin farko ya riga ya nuna hanyar. Homer, maigidan, wanda ke aikin kula da lafiyar na'urori a tashar lantarki ta nukiliya, ya sami labarin ba za a ba ma'aikata kuɗin bikin Kirsimeti ba, a daidai lokacin da matarsa Marge ta kashe ɗan abin da ta tara wajen goge zanen da Bart ya je aka yi masa a dantse. Kunya ta hana shi faɗa wa iyalinsa, sai ya kama aikin wucin gadi a wani kanti, aka yanke abin da aka yanke ya tashi da dala 13, ya kwashe su ya zuba a cacar tseren karnuka a kan karen da ya zo na ƙarshe. Mai karen ya kore shi don haushi, Homer da ɗansa suka koma gida da shi, iyali suka karɓe shi da murna a matsayin kyautar biki. Talaucin gidan yana nan yadda yake, wautar maigidan ba ta ragu ba, abin da ya ƙaru kawai shi ne kare. Hatta buɗewar shirin tana maimaita wannan ƙa'ida a kowane mako, domin ana nuna kowa yana barin inda yake, uba daga wurin aiki, yara daga makaranta, uwa daga kanti, su rugo gida su faɗa kan doguwar kujera ɗaya a gaban talabijin.

Tun da an san ƙarshen labari kafin a fara shi, gwanintar marubuci ta koma kan hanyar da za a bi, kuma a nan ne shirin ya fito da salon da wasu suka kwaikwaya daga baya. Sau da yawa kashi yakan buɗe da wani al'amari da ba shi da alaƙa da ainihin jigon, kamar zuwa kasuwa ko gyaran mota, a bi shi minti biyar har mai kallo ya saki jiki, sannan wani ɗan ƙaramin abu a ciki ya haifar da labarin gaskiya. Ana kuma tafiyar da zare biyu a lokaci guda, babba a kan uba, ƙarami a kan ɗaya daga cikin yara, a riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan don kada ɗayansu ya gundura. Amma babban rumbun da ake ɗebo labarai daga ciki shi ne garin da kansa, Springfield, wanda da gangan ba a faɗi jihar da yake ba, mai ɗauke da attajiri azzalumi Mista Burns, da magajin gari mai cin hanci, da shugaban 'yan sanda malalaci, da maƙwabci mai tsananin addini Ned Flanders, da mai mashaya Moe, da wasu gommai. Idan gida ya ƙare da abin faɗa, sai a leƙa gari.

Kashin jirgin ƙasa mai layi ɗaya, wanda Conan O'Brien ya rubuta aka nuna a Janairun 1993, shi ne misalin da masu sharhi suka fi kawowa. An ci Mista Burns tarar dala miliyan uku saboda zubar da dattin nukiliya, mutanen gari suka taru don shawarar abin da za a yi da kuɗin, Marge ta ce a gyara babban titi da ya cika da ramuka, har an kusa amincewa sai wani baƙo mai zaƙin baki ya miƙe ya rera musu waƙa, ya sayar musu da jirgin da ba su da bukatarsa. Aka ba Homer tuƙi bayan horon jeka-na-yi-ka, birki ya tsinke ranar buɗewa, ɗan damfara ya tsere da jakar kuɗi, aka tsayar da jirgin da ƙyar, titi kuma ya ci gaba da zama da ramukansa. Mutumin Malbaza, garin da ya girma a inuwar masana'antar siminti tun shekarun 1960, ba ya bukatar a fassara masa yadda rayuwar gari kan rataya a kan ma'aikata ɗaya, inda albashin ƙarshen wata ke motsa mahauci da tela da ɗan kabu-kabu, haka nan manomin albasar Galmi ya san taron da ake shiga da shawara mai kyau a fito da wata dabam saboda wani ya fi iya magana. Irin wannan labari yana tsallake iyaka ba tare da fasfo ba, domin abin dariyar ba na Amurka kaɗai ba ne.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane wannan zubi da wani suna. Gizo na tatsuniya, wadda mutanen yamma ke kira gatana, maigida ne mai haɗama da tsamin baki, yana da mata mai haƙuri, Ƙoƙi, kuma ba ya koyon darasi. A wata tatsuniyar hankaki sun ara masa gashinsu ya bi su zuwa itacen ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa ya hana su ci, suka karɓe gashinsu suka bar shi ya faɗa ruwa. A wata kuma ya manne a jikin mutum-mutumin danƙo da aka kafa a gona don kama ɓarawo, ya sha dukan tsiya. Da an ce ƙurunƙus an shafe allo, gobe da dare Gizo zai dawo lafiya lau da sabuwar dabara, babu yaron da zai tambayi kakarsa yadda aka yi raunin jiya ya warke. Tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya fara bugawa a 1911 cike yake da irin wannan dawowa, kuma ba rashin tsari ba ne, shi ne tsarin: hali ne abin da ke dawwama, al'amura kuwa tufafi ne da ake canza masa. Finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro sun bi wannan sawu sak, domin Ibro kan zama ɗan sanda a wannan fim, boka a wancan, direba a na gaba, a kama shi ko a kore shi daga gari, amma fim na biye ya same shi da jar hularsa kamar ba abin da ya faru. Kafin shi, Samanja na Usman Baba Pategi ya shafe shekaru a rediyo da talabijin na Kaduna yana tsawa a bariki ɗaya da gurɓatacciyar Hausarsa ta soja, ba a taɓa jin masu saurare sun kosa don bai zama janar ba.

Inda zane ya sha bamban da waɗannan shi ne a jiki. Ɗan wasa na jini da tsoka yana tsufa a gaban kyamara ko marubuci ya so ko bai so ba, yarinyar da aka ɗauka tana firamare za ta isa aure cikin 'yan shekaru, dole labari ya bi ta. Ranar da Ibro ya rasu a Disambar 2014, halin da ya ƙirƙira ya bi shi kabari, domin fuskar da muryar da tafiyar duk na mutum ɗaya ne. A zane kuwa fuska mallakar kamfani ce, murya kaɗai ke hannun ɗan Adam, ita ma tana ɓoye: Nancy Cartwright, wadda ke yin muryar Bart tun 1987, mace ce da aka haifa a 1957, ta haura shekara sittin tana magana da bakin yaro ɗan shekara goma. Wannan ne ya ba shirin damar wuce Gunsmoke a 2018, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun yawan kashi da 635 a cikin shirye-shiryen dare na Amurka masu rubutaccen labari. Duk da haka mutuwa takan sami ƙofa, domin lokacin da Marcia Wallace ta rasu a 2013 masu shirin sun zaɓi su janye malamar ajin Bart, Edna Krabappel, maimakon su ba wata muryarta.

Wannan 'yanci yana da farashi, kuma adalci ne a ce shirin ya daɗe yana biyansa. Idan ba abin da ke da sakamako mai ɗorewa, to a hankali ba abin da ke da nauyi, sai marubuta su koma neman abin da zai girgiza mai kallo ko da ya saɓa wa abin da aka gina a baya. A 1997 aka nuna wani kashi da ya bayyana cewa shugaban makarantar yaran, Skinner, wanda aka sani shekara takwas, sojan gona ne da ya ɗauki sunan wani; na ainihin ya dawo, mutanen gari suka ga ba su son sa, suka ɗaure shi a kan jirgin ƙasa suka fitar da shi, alƙali kuma ya yanke hukuncin kada wanda ya sake tayar da maganar. Marubutan suna yi wa ƙa'idarsu ta komawa gida dariya ne, amma masu kallo da yawa sun ji an raina musu hankali, Groening kansa daga baya ya kira kashin kuskure. A shekarar dai aka yi wani da ya fi shi kaifi, inda aka kawo Frank Grimes, mutum mai ƙwazo da ya sha wuya kafin ya sami aiki, aka ajiye shi kusa da Homer wanda ke barci a bakin aiki amma yana da gida da mota biyu da iyali. Takaicin wannan rashin adalci ya haukata shi har ya kama wayar lantarki ya mutu, a wurin jana'izarsa Homer ya yi barci yana sambatu, mahalarta suka fashe da dariya. Kashin ya nuna ƙarara cewa mutumin gaske ba zai iya rayuwa a duniyar da ba a girbar abin da aka shuka ba. Akwai kuma rikicin zamani: a wani kashi na 1991 an nuna Homer da Marge sun haɗu a makarantar sakandare a 1974, a wani na 2008 kuma aka mayar da samartakarsu shekarun 1990, domin idan yara ba su girma, dole tarihin iyayensu ya riƙa matsowa. 'Yan canje-canjen da aka bari suka tabbata ba su da yawa, kamar daina cin nama da Lisa ta yi a 1995 da mutuwar matar Flanders a 2000.

Shirye-shiryen Hausa masu dogon zango da suka mamaye gidajen Ƙonni da Illela a shekarun nan sun ɗauki ɗaya hanyar. Dadin Kowa na Arewa24 ya yi kama da Springfield ta fuskar ƙagaggen gari mai malamai da 'yan kasuwa da 'yan daba da baƙi, kuma Kamaye da matarsa Adama suna da rabonsu na rikicin da ba ya ƙarewa, amma lokaci yana tafiya a garin: ana aure, ana haihuwa, ana saki, ana shiga kurkuku a fito. Labarina na Aminu Saira ya ma fi dogara ga ci gaban labari, inda kowane kashi ke ƙarewa da ƙulli don a dawo mako mai zuwa. Dalilin bai tsaya ga tsufan 'yan wasa ba. Mai kallon Hausa, musamman babba, ya saba auna wasa da tambayar abin da ya koyar, yana kuma jiran ya ga azzalumi ya gamu da sakayya, don haka abin da ya yafe wa Gizo saboda gizo ne, ba lalle ya yafe wa magidanci mai kama da maƙwabcinsa ba. Ga kuma yanayin gidan kansa. Gidan Simpson na mutum biyar ne, mata ɗaya, ƙofa a rufe, gidan Bahaushe kuwa yana da uwargida da amarya da 'yan uba da suruka da agola da almajirin gida, wanda ta fuskar yawan labari ya fi na Amurka albarka nesa ba kusa ba, sai dai manyan rikice-rikicensa, kishiya da saki da rabon gado, irin waɗanda ba a komawa baya ne idan sun auku. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya sami mafita mai wayo: tsoho mai dukiya da maƙo, 'ya'ya rututu kowa na hangen abin da zai samu, kuma muddin tsohon yana numfashi ba a raba komai, don haka kowace dabara takan rushe a koma jira. Wannan shi ne mafi kusancin abin da Hausa ta yi da injin da ke tafiyar da The Simpsons.

Akwai abubuwan da ba sa haye iyaka cikin sauƙi. Ɗa mai kiran ubansa da sunansa, uba mai shaƙe ɗansa don wasa, da mashaya a matsayin majalisar maigida, duk ginshiƙai ne a shirin, kuma da tashar MBC ta gwada mayar da shi Larabci a azumin 2005, ta sa wa Homer suna Umar, ta mai da giyarsa lemo, ta yanke mashayar, sai aka tarar an cire abin da ke riƙe da labaran, shirin bai yi nisa ba. Shi ma idan ya leƙo Afirka yakan yi tuntuɓe: a wani kashi na Maris 2015 Mista Burns yana cinikin yuraniyom da wani sarki daga Nijeriya, aka ba Homer tsaron gimbiya 'yar sarkin, alhali duk ɗan makarantar Tahoua ya san manyan motocin wannan ma'adini daga Arlit suke fitowa, a Nijar, su bi ta hanyar da ta ratsa jiharsa.

Zane mai motsi kansa ba baƙo ba ne a jihar Tahoua. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 kuma ake lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka ta kudu da Sahara, ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren, sannan ya zauna shekaru masu yawa a garin Tahoua yana aiki a ɗakin zanensa. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na 'yan mintuna inda shugaban ƙasar kwaɗi ke kai ziyarar aiki wata ƙasa, da jerin gwano da faretin soja da duk shagalin da sababbin gwamnatocin lokacin suka ƙware a kai, shekara 23 kafin Fox ta fara nata shirin. Daga baya ya yi Kokoa da 'yan tsana masu motsi, inda kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ke kokowa a fili da makaɗa da alƙalin wasa, kamar yadda ake yi a gasar takobi ta ƙasa. Ya gane abin da masu gatana suka gane, cewa kwaɗo na iya faɗin abin da mutum zai ji tsoron faɗa. Abin da bai samu ba shi ne masana'anta. Idan aka yi lissafi da zane goma sha biyu a kowace daƙiƙa, kashi ɗaya na minti 22 yana cin zane kusan dubu goma sha shida, shi ya sa kowane kashin The Simpsons ke ɗaukar watanni, da ɗakin marubuta a Los Angeles da ɗaruruwan masu zane, wasunsu a Koriya ta Kudu, ana aikin kashi da yawa a lokaci guda, duk a kan kuɗin talla na kasuwar Amurka. Alassane kuwa yakan ƙera kayan aikinsa da hannunsa, ya yi zane, ya ɗauka, ya haɗa, da taimakon 'yan mutane kaɗan, don haka abin da ya bari a fagen zane gajerun finafinai ne masu zaman kansu, kowanne da sababbin dabbobinsa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, makonni biyu bayan an nuna wancan kashi na sarki da yuraniyom.